Ramin Kunne da Abin da Ake Cusa Masa

Daga cikin al'amuran da ke jawo gardama tsakanin ma'abota sauraro a wannan zamani, ko masu sauraron ƙira'a ne, ko masu son waƙa, ko ma'aikatan gidajen rediyo da ke wuni da hedifon a ka, akwai wata mas'ala da akan daɗe ana muhawara a kanta a tashi ba a daddale ba, ita ce mutum biyu su ɗauki iyafis ɗaya, su jona a waya ɗaya, su saurari murya ɗaya, sai wannan ya ce sauti ya fita tangaram, wancan kuwa ya zare da sauri ya ce yana sukar masa kunne. Galibi akan jingina wannan saɓani ga son rai, ko a ce ɗayansu bai san sauti ba, alhali kuwa idan aka bi abin da tahƙiƙi za a tarar kowannensu gaskiya ya faɗa, domin abin da ya isa ga dodon kunnen wannan ba shi ne ya isa ga na wancan ba. Sababin yana cikin ɗan ramin nan da ke tsakanin bakin kunne da dodonsa, wanda yawancin mutane ba su ɗauke shi a bakin kome ba illa hanyar da sauti ke bi ya wuce.

Ramin kunnen baligi tsawonsa kimanin santimita 2.5 ne, faɗinsa kuwa kimanin milimita 7, kuma bai miƙe sambal ba, yana da 'yar lanƙwasa sau biyu. Sulusinsa na waje guringuntsi ne, inda gashi da dauɗar kunne suke, sauran kashi biyun na ciki kuwa ƙashi ne da siririyar fata ta lulluɓe. Bakinsa a buɗe yake, ƙarshensa kuma dodon kunne ya rufe shi. Wannan siffa, wato bututu mai baki a buɗe da gindi a toshe, ita ce asalin maganar duka. Duk wanda ya taɓa yanke gora daidai kan gaɓa ya busa a bakinta ya san tana da murya guda da take amsawa da ita, kuma in doguwa ce muryar ta yi kauri, in gajeruwa ce ta sirance. Ramin kunne ma haka ɗabi'arsa take: akwai sautin da in ya shigo, iskar da ke ciki takan kama kaɗawa tare da shi, abin da ya doki dodon kunne ya dawo ya haɗu da mai shigowa su ƙarfafi juna, har sautin ya isa ciki da ƙarfin da ya fi wanda ya zo da shi daga waje. Wannan shi nake nufi da amsa-amon kunne.

Lissafinsa ba shi da wuya. Ƙa'idar da masana sauti suka tabbatar ita ce, irin wannan bututu yana amsa sautin da tsawon zangonsa ya ninka tsawon bututun sau huɗu. Ninki huɗu na santimita 2.5 shi ne santimita 10, sauti kuwa yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, saboda haka sautin da zangonsa ya kai santimita 10 yana kaɗawa kusan sau 3,400 a daƙiƙa, wato haz 3,400. Amma da yake kwarmin da ke bakin kunne yana ƙara wa ramin ɗan tsawo, dodon kunne kuma ba bango ba ne mai tauri, awon da aka yi a kunnuwan mutane yakan nuna amon ya sauko wajen haz 2,700 zuwa 3,000. Idan aka haɗa gudummawar ramin da ta kwarmin, wanda nasa amon yake wajen haz 5,000, da ta kai da kafaɗu, sai a tarar sautin da ke wannan yanki yana samun ƙarin desibel 15 zuwa 20 kafin ya taɓa dodon kunne, ma'ana matsin iskar ya ninku sau shida zuwa goma, ba da batir ba, ba da wata na'ura ba, illa da siffar halitta kawai.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. Hermann von Helmholtz, malamin nan na Jamus, a littafinsa kan yadda ake jin sauti wanda ya fito a 1863, ya lura akwai wasu siraran muryoyi da kunne ke ji da kaifi na musamman, ya danganta abin ga amon kunnen kansa, har ya ambaci cewa kukan gyare yana cikin wannan yanki, kuma da ya ɗora ɗan bututun takarda a bakin kunnensa sai kukan ya raunana ƙwarai. Ina ganin wannan ɗan gwaji ya ƙunshi mas'alarmu baki ɗaya tun kafin a ƙera hedifon na farko, domin ya nuna duk abin da aka liƙa a bakin kunne yana sauya muryar kunnen. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna da awo cewa jin ɗan Adam ya fi kaifi a wajen haz 3,000 zuwa 4,000. A 1946 Wiener da Ross a Jami'ar Harvard suka zura siririn bututun makirufo cikin kunnuwan mutane suka auna ƙarin kai tsaye, sa'an nan a 1974 Edgar Shaw a Kanada ya tattara awon da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya fitar da matsakaicinsa, wanda har yanzu masana ke komawa gare shi.

Hikimar da ke cikin wannan tsari a fili take ga mai tunani. Wasulan magana da hawa da saukar murya suna zaune a ƙasa, cikin kakkauran sauti, kuma su ne masu ƙarfi. Amma abin da ke rarrabe baƙi daga baƙi, wanda ke sa a bambanta sa da sha da tsa, ko mai karatu ya fitar da sinun dabam da sadi, yawancinsa yana sama, daga haz 2,000 zuwa abin da ya ɗara, kuma rarrauna ne, iska kaɗan ke ɗauke da shi. Sai ga shi daidai inda magana ta fi rauni kuma ta fi bukatar a fahimce ta, nan Mahalicci ya ajiye ƙarin. Jariri yakan zo da gajeren rami, amonsa yana can wajen haz 6,000, yana saukowa yayin da kunne ke girma, har ya kusanci na manya wajen shekara 2. Tun daga nan ƙwaƙwalwa ke sabawa da kunnen da aka ba ta, ta ɗauke shi a matsayin mizani, shi ya sa babu wanda ke jin wannan ƙari a matsayin ƙari. Ba a farga da shi sai ranar da aka rasa shi, ko ranar da aka kawo wani a madadinsa wanda bai yi daidai da shi ba, kuma wannan shi ne aikin da hedifon da iyafis ke yi.

Babban hedifon mai rufe kunne duka shi ne mafi sauƙin al'amari, domin yana barin bakin ramin a buɗe cikin ƙoƙonsa, saboda haka mafi yawan amsa-amon na nan, kuma fatar kunne da kwarminta suna cikin aikin. Duk da haka ba a ce kome lafiya lau ba. Sautin da a duniya yakan taho daga nesa, ta gaba, ya ratsa fuska da kafaɗa, yanzu yana fitowa daga gefe, tazarar yatsa ɗaya ko biyu, kuma ƙoƙon da kansa ɗan ɗaki ne mai nasa amon, wanda ke cakuɗuwa da na kunne musamman daga haz 5,000 zuwa sama. Masu awo sun sani cewa in aka cire hedifon daga kai aka mayar, ko da an yi ƙoƙarin mayar da shi inda yake, siraran sautuka sukan sauya da desibel da dama. Ƙafar tabarau da ta shiga ƙarƙashin matashin hedifon, ko gefen ɗankwali, ko gashi mai yawa, ko matashin da ya tsufa ya lotse, kowanne yana buɗe 'yar kafa da iska ke zurarewa, kuma da ita kaurin sautin ke tafiya.

Inda mas'alar ta yi zurfi shi ne iyafis mai bakin roba, wanda ake cusawa ya toshe ramin. Da zarar robar ta kama, bututun nan mai baki a buɗe ya zama rufaffe ta fuska biyu, kuma hukuncin rufaffen bututu dabam yake: yana amsa sautin da zangonsa ya ninka tsawonsa sau biyu, ba sau huɗu ba. Abu biyu ke nan suka auku a lokaci guda. Na farko, amon haz 2,700 da mutum ya rayu da shi tun ƙuruciya ya ɓace ɗungurungum, kwarmin kunne da fatarsa kuma an tsallake su. Na biyu, wani sabon amo ya bayyana a inda kunne bai saba da shi ba. Idan abin da ya rage tsakanin bakin robar da dodon kunne santimita 2 ne, zangon ya zama santimita 4, amon ya faɗa wajen haz 8,500, wanda yake daidai inda sin-sin ɗin magana da ƙarar ƙarafan kiɗa suke, shi ya sa wani iyafis ke mayar da kowane harafin sa kamar tsinin allura. Idan kuwa aka ƙara tura shi ciki har saura santimita 1.3, amon ya haura wajen haz 13,000, inda kiɗa da magana ba su da ƙarfi sosai, kuma kunnen manya da yawa ya riga ya fara rauni a can. A kan wannan hujja kamfanin Etymotic, wanda Mead Killion ya kafa a Amurka a 1983, ya gina iyafis ɗinsa na ER-4 da ya fito a 1991, siriri mai shiga can ciki, ko da yake ba kowa ke jure wannan zurfi ba. Abin lura a nan shi ne milimita uku ko huɗu kawai, bambancin ƙaramar roba da babba, ko bambancin kunnen dama da na hagu, sun isa su gusar da amon da haz dubu ko fiye.

Toshewar tana da wata illa da kowa ya taɓa ji ko bai san sunanta ba: mutum ya sa iyafis ya yi magana ya ji muryarsa ta yi kauri tana gunji a cikin kansa, ya ji taunarsa da takunsa. Dalili shi ne girgizar murya tana bin ƙashin muƙamuƙi ta kaɗa guringuntsin ramin, kuma a buɗaɗɗen kunne wannan kakkauran sauti yakan fice waje, amma in an toshe baki sai ya rasa mafita ya koma kan dodon kunne. In robar ta shiga har ɓangaren ƙashi abin yakan ragu, tun da an danne guringuntsin da ke kaɗawa. Irin iyafis ɗin da ke zama a kwarmin kunne kawai, ba tare da roba ba, ya kuɓuta daga wannan, amma ya biya da rashin kauri, domin ƙaramar lasifika ba ta iya tura kakkauran sauti sai a rufaffen wuri.

To, tun da iyafis ya ƙwace wa kunne amonsa, wajibi ne maƙerinsa ya mayar masa da shi, ya gina tudu a cikin sautin na'urar wajen haz 3,000. A nan ne mutane da yawa ke kuskure idan suka ga zanen awon hedifon a intanet, su ga layin ya yi tozo a tsakiya su ce aibi ne, suna zaton na'ura ta gari ita ce mai miƙaƙƙen layi kamar na lasifika. Ai awon a gurbin dodon kunne ake yin sa, kuma a wannan gurbi sautin duniya bai taɓa zuwa a miƙe ba. In tozon ya gaza, murya ta dushe kamar mai magana a bayan labule, in ya wuce kima ta zama tsawa. Tambayar da ta rage ita ce, tozo nawa, kuma a ina daidai?

A kan wannan masana suka rabu mazhabobi. Ta farko ta ce a kwaikwayi lasifika guda da ke gaban mai sauraro a ɗakin da bango ba ya mayar da sauti ko kaɗan. Aka yi aiki da ita shekaru, sai aka ga ba wanda ke sauraro a irin wannan ɗaki, kuma sakamakon ba ya yi wa mutane daɗi. Ta biyu, wadda Günther Theile na cibiyar binciken fasahar rediyo ta Munich ya kafa wa hujja a 1986, ta ce a ɗauki matsakaicin sautin da ke zuwa daga kowace fuska daidai wa daida, don kada a fifita wata jiha a kan wata, kuma a kanta aka gina da yawa daga hedifon ɗin ɗakunan ɗaukar murya, ko da yake mutane da dama na jin ta da kaifi da ƙarancin kauri. Ta uku ita ce ta Sean Olive da Todd Welti na kamfanin Harman a Kalifoniya, waɗanda tun daga wajen 2013 suka ɗauki sautin lasifika masu kyau a ɗaki mai kyau a matsayin tushe, sa'an nan suka bar ɗaruruwan masu saurare, ba tare da sun san wace na'ura ce a kansu ba, su zaɓi abin da ya fi musu. Abin da ya fito ya riƙe tozon haz 3,000, ya ƙara kauri a ƙasa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen suka gamsu da shi, sauran suka kasu tsakanin masu son ƙarin kauri da masu son ragi. A ra'ayina wannan ita ce mafi ƙarfin hujja cikin ukun, saboda ta koma ga kunnuwan mutane ta tambaye su. Amma abin da ta samar rinjaye ne, bai kai ijma'i ba, kuma bai kamata wanda ya faɗa cikin sulusin da ya rage a ce masa kunnensa ne ke da laifi ba.

Akwai kuma wani rauni da mazhabobin duka suka yi tarayya a cikinsa, shi ne kunnen da ake awo da shi. Ba ya yiwuwa a zura makirufo a kunnen kowane mai saye, don haka ake amfani da mutum-mutumi mai kunnen roba, irin KEMAR da kamfanin Knowles ya fitar a 1972, da wani ɗan bututun ƙarfe da aka daidaita a 1981 a matsayin wakilin ramin kunne a duniya. Wannan bututu amintacce ne har zuwa wajen haz 8,000 ko 10,000, abin da ya wuce nan kuwa ba a dogara da shi sosai, wato daidai yankin da sabon amon iyafis ke zama. A 2017 kamfanin Brüel & Kjær na Denmak ya fito da sabon mutum-mutumi mai rami irin na ɗan Adam, da lanƙwasarsa, wanda aka siffanta daga hotunan kunnuwan mutane na gaske, kuma ci gaba ne babba. Sai dai ko shi ƙiyasi ne, matsakaicin kunnuwa da yawa, kuma matsakaicin kunne ba na kowa ba ne. Wanda amonsa na halitta ke haz 2,400, aka ba shi iyafis mai tozo a 3,200, ya yi hasara biyu: an rage masa inda ya saba da ƙari, an ƙara masa inda bai saba ba. A babban hedifon kunnen mutum da kansa ke gina tozon, shi ya sa saɓani a kansa ya fi sauƙi, a iyafis kuwa maƙeri ne ya yanke hukunci a madadinsa.

Ba zan wuce ba tare da na ambaci abin da ya fi damuna a cikin wannan babi ba. Likitocin kunne sun daɗe da sanin cewa kurumtar da ƙara ke jawowa takan fara bayyana a wajen haz 4,000, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne amon ramin kunne yana ninka ƙarfin ƙarar a wajen haz 3,000, ɓarnar kuma ta sauka a kunnen ciki a ɗan sama da nan. Ƙofar da aka buɗe domin fahimtar magana, ta nan cutar ke fara shiga, kuma ƙwayoyin ji na kunnen ciki in sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyaka ga baligi: desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Yaron da ke tsaye a bakin injin niƙa, ko kusa da janareta, da iyafis marar roba a kunne, ya ƙure ƙarar waya don ta rinjayi ta injin, ya tara wa kunnensa ƙara biyu. A irin wannan wuri iyafis mai toshewa da kyau ya fi aminci, tun da yana tare hayaniya ya sa a wadatu da ƙaramar murya, ko da yake a kan titi wannan toshewa ita kanta haɗari ce ga mai tuƙi da mai tafiya a ƙasa.

Maganin saɓanin kunnuwa ba ɓoyayye ba ne, domin masu ɗora wa mutane na'urar taimakon ji sun daɗe suna aiki da shi: sukan zura siririn bututu har kusa da dodon kunne, su auna amon mutum kafin a sa na'ura, su sake aunawa bayan an sa, su gyara har abin da aka rasa ya dawo. Masu ƙera iyafis sun fara bin wannan sawu, kamar yadda Apple ya sa makirufo mai fuskantar ciki a AirPods Pro a 2019 domin ya gwada kamun roba ya daidaita sauti, sai dai gyaran ya fi shafar kakkauran sauti da na tsakiya, siraran kuwa, inda bambancin mutane ya fi yawa, har yanzu da sauran aiki. David Griesinger, wani masanin sauti a Amurka, ya ba da hanyar da ba ta bukatar makirufo a kunne: mutum ya ajiye lasifika a gabansa, ya gwada ƙarfin sauti yanki-yanki, sa'an nan ya daidaita hedifon har ya ba shi abin da lasifikar ta ba shi.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan ma yana da abin yi. Ya fara da roba, ya gwada ƙarama da matsakaiciya da babba, kowane kunne da tasa, domin sau da yawa ramin dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba, kuma ya ja fatar kunne sama da baya kaɗan lokacin sawa don ramin ya miƙe. Bayan haka ya nemi sautin gwaji mai hawa a hankali daga kauri zuwa siranta, ya saurare shi da ƙaramar murya, ya lura da inda ya yi tsalle ya soke shi, wanda a iyafis mai roba galibi yakan faɗo tsakanin haz 6,000 da 9,000. In wayarsa ko manhajar da yake sauraro da ita tana da madaidaicin sauti, sai ya rage wannan wuri da desibel 3 ko 4, ya bar tozon haz 3,000 yadda yake, sai fa in shi ma ya ji muryoyi suna yi masa tsawa, sa'an nan ya rage shi kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da muryar wani da ya saba ji ido da ido.